Garin Masara a Tankin Ba'ana

Akwai wani magidanci a unguwar Moduganari, cikin garin Maiduguri, sunansa Ba'ana. Shekara goma sha tara yana sayar da shadda da yadi a Kasuwar Litinin, har ranar da gobara ta tashi ta cinye layinsu gaba ɗaya. Yana tsaye yana kallo, bai fitar da ko ƙyalle ba.

Wata uku ya yi a ɗaki ba ya son magana da kowa. Matarsa Siddiƙa ta kan ajiye masa abinci ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi. Da ya fara fita, sai ya zama mutum mai firgici. Ko ƙaurin shara ya ji sai gabansa ya faɗi.

Maƙwabcinsa na jikin katanga, wani dattijo mutumin Biu mai suna Baba Dzarma, shi ne ya janyo shi cikin harkar kifi. Baba Dzarma tsohon malamin aikin gona ne a sakandare. Da ya yi ritaya sai ya kama kiwon tarwaɗa a bayan gidansa. Shi da matarsa, wadda kowa ke kira Maman Manasse, sun fi shekara ashirin a layin.

Ba'ana ya sayar da wani fili da ya gada a Old Maiduguri, ya gina tankunan siminti biyu a kangon da ke manne da gidansa. Baba Dzarma ya raka shi wurin masu ƙyanƙyasa, suka sayo 'ya'yan kifi rana ɗaya, daga uwa ɗaya. Ba'ana ya ɗauki dubu biyu, dattijon ya ɗauki ɗari biyar. Kowannensu bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Sati uku na farko komai ya tafi daidai. Ba'ana yana ba su abincin buhu, suna ci suna miƙewa. Fuskarsa ta fara sakewa, har ya koma zaman majalisa a gindin dogon yaron ƙofar gida.

Sai abincin kifi ya yi tashin da bai taɓa yi ba.

Ranar da ya dawo daga wurin saye hannu rabbana, ya ɗebi ragowar ƙwayoyin a tafin hannu, ya murtsuke, ya sansana. Ya ce wa Siddiƙa, "Wannan ai gari ne kawai aka mulmula aka saka a buhu mai zane. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake yi. Ba za a cuce ni ina gani ba."

Washegari ya kai masara inji. Ya haɗa da dusa, ya barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli a kai, ya kwaɓa da ruwan sanyi, ya riƙa curawa yana jefawa. Kifayen suka yi caa a kai. Cikin kwana kaɗan cikinsu ya yi tulu-tulu. Ba'ana ya riƙa kiran mutane su zo su ga ƙiba.

Wata rana da la'asar Baba Dzarma ya leƙo majalisar. Ya gaishe su da Kanuri, ya ce, "Wushe, wushe." Aka amsa masa. Ya ga robar kwaɓin a gefen Ba'ana, ya sunkuya ya lakata, ya murza a yatsa.

Ya ce, "Ba'ana, me ka zuba a nan?"

"Masara kwano uku, dusa da ƙuli-ƙuli kwano ɗaya."

Dattijon ya sake duba kwaɓin. Sannan ya ce, "Ka juya abin ne. Ƙaramar tarwaɗa tana son hatsi, gaskiya ne, shi ke ba ta ƙarfin yawo, shi ke riƙe abincin kada ya watse. Amma cikin kwano huɗu, ɗaya ya ishe ta, kuma dafaffe. Sauran ya zama garin kifi da waken suya da ƙuli-ƙuli, su ne ke gina tsoka. Wannan da kake ba su ciki kawai zai cika musu."

Ba'ana ya yi dariya ya dubi abokansa. "To mu da muka girma da tuwo da burabusko fa? Ga ni nan, ban ƙi girma ba."

"Kai mutum ne. Ita a kogi me take ci? Ƙwari da tana da ƙananan kifaye. Ɗanyen garin nan rabi ba za su narkar ba, rabi zai kwanta a ƙasa ya ruɓe. Ga zafi yana tahowa. In ba ka canza ba, za su fara cin junansu, daga nan su fara mutuwa."

Wani a majalisar ya ƙyalƙyale. Ba'ana ya ji kamar an tsinka shi a gaban mutane. Ya ɗaure fuska ya ce, "Baba, na gode da rakiyar da ka yi min. Amma ka daina yi wa dukiyata baki."

Baba Dzarma ya goge yatsansa a jikin bishiya, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ya shige gida.

Watan Afrilu ya kama. Zafin Maiduguri ya sauko irin wanda ƙarfe tara na safe siminti ba ya takuwa. Kifayen suka shiga sati na bakwai, amma tsawonsu yana nan inda yake. Ciki ne kawai a kumbure, sai ƙaton kai, sai siririn jiki. Ruwan ya fara kumfa a gefe-gefe. Wani wari mai kama da na tsohuwar gasara ya riƙa shigowa har tsakar gida.

Wata safiya Ba'ana ya saka raga, sai ya ɗago kifi babu wutsiya, yana motsi. Ya sake sakawa, ya ɗago kai zalla, an cinye jikin. Ya sake, ya ɗago kai uku.

Ya waiwaya ko wani ya gan shi, ya haƙa rami da sauri ya binne.

Maganar dattijon ta dawo masa kalma-kalma. Za su fara cin junansu. Amma maimakon ya ce mutumin nan ya san abin da yake faɗi, sai zuciyarsa ta ce masa: ta yaya ya sani tun kafin ya faru? Wanda ya faɗi abu ya auku daidai, ba shi da hannu a ciki kuwa?

Ya yanke cewa yunwa ce ta sa su cin juna, sai ya ninka kwaɓin. Ya sa kwaɗo a ɗakin da makunnin famfon bohol yake, ya jefa makullin a aljihu, don kada wani ya taɓa masa ruwa. Sannan ya kira matarsa.

Ya ce, "Siddiƙa, ki saurare ni da kyau. Ranar da na ji mutumin nan ya sake tsayawa a bakin tankina, ki haɗa kayanki."

Ta ce, "Baban Humaira, shi fa taimako..."

"Na gama magana."

Siddiƙa ta juya za ta tafi. Amma ta ga idonsa, irin idon da ya dawo da shi ne ranar gobara. Tun daga lokacin ba ta ƙara cin abinci ya yi mata daɗi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Ba'ana ya tafi niƙo masara. Siddiƙa ta leƙa kangon don ta kwashe shanya, sai ta ga abin da ya tsayar da ita cak. Kifayen sun taso sama gaba ɗaya. Sun tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje, ba sa gudu ko da ta matsa. Ɗaruruwa, shiru, kamar masu jiran wani abu.

Ta kira wayar mijinta sau huɗu, ƙarar inji ta hana shi ji. Ta tsaya tana juya wayar a hannu. In ta kira dattijon, aurenta ne zai mutu. In ta bari suka mutu, ta san mijinta ba zai sake tashi ba.

Ta taka turmi ta leƙa katanga. Ta ce, "Mama! Maman Manasse! Don Allah Baba yana nan?"

Baba Dzarma bai so zuwa ba. Ya ce mai gida ya hana, bai kamata ya shiga ba. Matarsa ce ta ce, "Yarinyar nan kuka take yi, Baban Manasse. Mu je tare, ni ma ina wurin." Suka zagayo ta ƙofar langa-langar kangon.

Ya tsoma hannu cikin ruwan ya sansana, ya girgiza kai.

"Ruwan nan ya mutu, 'yata. Dole a zubar da shi yau, a sa sabo. Ina makullin famfo?"

"Yana aljihunsa, Baba."

"To kawo min gishiri, in kina da shi da yawa."

Ta ruga kicin ta ɗauko ledar gishirin da ta saya na wata. Ya auna da hannu ya watsa a tankunan biyu. Ya ce, "Wannan sauƙi kawai zai ɗan ba su, ba magani ba ne. Yana dawowa ki gaya masa: a canza ruwa kafin magariba, kuma kada a ba su ko loma ɗaya. Kin ji? Ko loma ɗaya."

Ta ce ta ji.

Abin da su ukun ba su sani ba shi ne, ƙanen Ba'ana mai suna Habib, direban keke mai ƙafa uku, ya wuce ta layin da fasinja a daidai lokacin. Ta tsagar langa-langa ya hango dattijon yana watsa wani farin abu a ruwa. Matan biyu suna bayan bango, bai gan su ba. Fasinjansa na sauri, sai ya wuce da niyyar zai tambaya daga baya.

Ba'ana ya dawo gab da magariba a gajiye, ransa a ɓace. Siddiƙa ta bi shi har bakin tanki. Ta ce, "Baban Humaira, ruwan nan ko za a canza shi yau? Kuma da an bar ba su abinci..."

Ya juyo ya zuba mata ido. "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Babu kowa. Gani na yi kawai."

"To ki koma kan tukunyarki."

Tana tsaye ya juye roba guda ta kwaɓi a cikin ruwan.

Safiyar Juma'a, da ya dawo daga masallaci gari ya yi haske, ya tura ƙofar kangon. Bai ga ruwa ba. Matattun kifaye ne, cikinsu fari fat a sama, suka rufe saman tankin farko daga bango zuwa bango. Ƙudaje har sun fara sauka.

Ihun da ya yi sai da aka ji shi a bakin titi.

Mutane suka shigo da gudu. Suka tarar da shi durƙushe yana kwasar matattun kifi da hannu biyu yana zubarwa, yana ta maimaita, "Innalillahi. An sake. An sake gamawa da ni."

Habib ya kutso cikin mutane. Da ya ga tankin sai ya dafe kai. Ya ce, "Ya Ba'ana, wallahi jiya da rana na ga Baba Dzarma a nan. Da idona. Yana watsa wani farin gari a ruwa."

Ba'ana ya miƙe a hankali. Duk tsoron da ya tara na makonni ya sami inda zai sauka. Ya ɗaga murya ya ce, "Guba ya zuba min! Tun da farko ya faɗa a gaban mutane za su mutu. Guba ya zuba min!"

Siddiƙa tana bayan ƙofar tsakar gida tana ji. Ta ce a ranta bari hayaniyar ta lafa, in ya shigo sai ta gaya masa shi kaɗai.

Hayaniyar ba ta lafa ba.

Wani daga baya ya ce, "To ai bohol ɗin nan shi muke sha duk layin. Wanda ya zuba a tankin kifi, me zai hana shi zubawa a na sha?"

Maganar nan ta fita daga kangon ta bi gida-gida. Kafin ta kai ƙarshen layi ta zama an zuba. Mata suka riƙa tuntsurar da randuna a ƙofar gida. Wata ta tura yatsa a maƙogwaron jaririnta don ya amayar da kokon da ya sha. Aka aika a dawo da yara daga makaranta. Mutanen da ba su san Ba'ana ba, ba su san ma ana kiwon kifi a layin ba, suka riƙa ɓullowa daga lunguna suna tambaya wane gida ne.

Aka nuna musu.

Dutsen farko ya sauka a kan kwanon gidan Baba Dzarma da ƙara kamar harbi. Na biyu ya biyo. Aka fara dukan ƙofar ƙarfen da ƙafa. Gilashin taga ya tarwatse. Daga ciki ana jin muryar Maman Manasse tana addu'a da yarensu.

Ba'ana yana tsakiyar taron, ana tura shi gaba. A nan ne wani sabon tsoro ya kama shi, wanda ya fi na kifin. Shi ɗan garin nan ne, ya san abin da taro irin wannan ke iya yi kafin a ƙifta ido. Ya dubi fuskokin da ke gefensa, yawancinsu bai taɓa ganinsu ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya, a kira Bulama tukuna." Ko shi bai ji muryar kansa ba.

Sai ya ji wani ya ce, "A kawo fetur."

Ba'ana ya riƙo rigar Habib ya ce, "Habib, ka hana su." Habib ma idonsa ya raina fata, ya ce, "Ya Ba'ana, ba sa ji."

Siddiƙa ta ji kalmar fetur daga tsakar gida. Ba ta san lokacin da ta fizgi ledar gishirin ba. Ta fito babu takalmi, mayafi a karkace, ta ratsa maza tana ture su, ta je ta manna bayanta da ƙofar ƙarfen. Wani dutse ya daki ƙofar kusa da kunnenta.

Ta ɗaga ledar sama ta ƙwala ihu. "Gishiri ne! Gishirina ne! Ni na kira shi!"

Na gaba suka ɗan ja baya. Ta tura hannu cikin ledar, ta damƙo, ta cusa a baki a gabansu. Ta haɗiye da ƙyar, hawaye na zuba. Ta sake damƙowa ta miƙa wa wanda ke riƙe da dutse a gabanta.

"Ɗanɗana! Don girman Allah ɗanɗana! Ni na taka turmi na roƙe shi. Ya ce ba zai zo ba, na yi ta kuka. Ya ce a canza ruwa, ya ce kada a ba su abinci. Ni ce na ji tsoro ban faɗa ba."

Ta juya ta nemo mijinta da ido cikin taron. "Baban Humaira, in kayana ne zan haɗa. Amma kada a kashe bawan Allah a kan gishirin miyata."

Daidai nan Bulama, wato mai unguwa, ya iso da wasu dattawa biyu, yana haki. Ya tsaya kusa da ita ya daka tsawa da Kanuri, ya maimaita da Hausa, ya ce duk wanda ya sake ɗaga dutse zai kira sunan ubansa a gaban hukuma. Ya lakaci gishirin ya sa a harshe. Ya ce, "Gishiri ne." Sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar a hankali. "Malam Dzarma, ni ne. Fito, ina tsaye."

An daɗe kafin sakata ta motsa. Dattijon ya fito, jini yana bin gefen fuskarsa daga goshi inda gilashi ya yanke shi. Bai kalli Ba'ana ba. Ya ce wa Bulama, "A ba ni wuƙa, a kawo kifi ɗaya daga cikin matattun."

Aka kawo. Ya ɗora shi a kan bulo, ya tsaga cikin. Mutane suka matso.

Ya ce, "Ku duba. Wannan farin da ya naɗe hanjin, kitse ne. Wannan kuma hanta ce. Hantar lafiyayyen kifi ja ce kamar ta kaza. Ku ga tasa, ta koɗe, ta kumbura." Ya matsa hanjin da bakin wuƙa, wani farin ƙulli ya fito. "Ga masarar nan, yadda ta shiga haka take."

Ya ce a ɗauko sanda a je a tona ƙasan tankin. Habib ya je da kansa, mutane suka bi shi. Da ya ɗago sandar, wani baƙin taɓo ya biyo ta, mai warin da ya sa na kusa toshe hanci suna ja da baya.

Baba Dzarma ya ce, "Abincin makonni ne ya kwanta ya ruɓe. Zafi ya dafa shi. Shi ya ɓata ruwan, jikinsu kuma dama babu ƙarfi."

Sannan ya shiga gidansa ya fito da bokiti. A ciki akwai tarwaɗa guda, baƙa wuluk, tana dukan bokitin da wutsiya. Ya ajiye ta kusa da wadda ya tsaga. Ta ninka matacciyar sau uku.

"Rana ɗaya muka saye su. Uwa ɗaya."

Na bayan taron suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce a kawo fetur, har yau ba a san ko wane ne ba.

Ba'ana ya zube a ƙasa a gaban dattijon. Ya kama ƙafarsa. Da ƙyar ya ce, "Baba... na kusa... da bakina..."

Baba Dzarma ya janye ƙafarsa a hankali. Ya ce, "Wannan maganar za mu yi ta daga baya. Tanki na biyu akwai masu rai. Ina makullin famfo?"

Ba'ana ya laluba aljihu ya miƙa masa da hannu biyu.

Da ƙyalle ɗaure a goshi dattijon ya tsaya a kansu har aka yi kiran sallar Juma'a. Aka kwashe masu rai aka zuba a manyan robobi, aka zubar da ruwan, aka kankare ƙasan tankin, aka tara sabo. Ya sa aka ware manya daban, ƙanana daban, don kada su ci gaba da cin juna. Ya ce kwana biyu kada a ba su komai. Cikin dubu biyu, ɗari shida da 'yan kai ne suka tsira.

Da yamma Bulama ya tara su a zaurensa. Ya ce wa Ba'ana, "Da baki ka ɓata shi a layin nan, da baki za ka gyara. Gida-gida za ka bi, kai da ƙanenka. Kowace ƙofa ka tsaya ka ce ƙarya ka yi masa, ba ka bincika ba."

Kwana biyu suna yi. A wasu gidajen an saurare su, a wasu an rufe musu ƙofa, domin masu gidan ma sun san inda hannunsu ya kai ranar. Ba'ana ya gyara tagar, ya canza kwanon da ya lotse. Siddiƙa kuwa ba a sake yi mata maganar haɗa kaya ba. Shi ne ma ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Da ban rufe miki baki ba, da duk wannan bai faru ba. Ki yafe min."

Baba Dzarma ya yafe. Ya ma zauna da shi ya koya masa haɗin tun daga farko: yadda ake soya waken suya kafin a niƙa, yadda ake dama garin masarar ya dahu kafin a zuba sauran, yadda ake shanyawa, da yadda ake tsayawa a daina ba su da zarar sun rage ci. Kifayen da suka tsira sun girma, ko da yake sai da suka ƙara wata biyu a kan na dattijon kafin su isa sayarwa.

Maman Manasse ce ba ta iya zama ba. Duk lokacin da yara suka jefa wani abu ya faɗo a kan kwano, sai ta zabura ta nufi bayan ƙofa. Bayan sati uku ta shirya za ta tafi Biu wurin ɗanta. Siddiƙa ta je yi mata sallama tana kuka, tana ba ta haƙuri.

Tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Ke kam kin fanshe mu, 'yata. Ban riƙe mijinki ba, ban riƙe kowa ba. Amma ranar nan na leƙa ta taga. Baƙin fuskoki ba su dame ni ba. Na ga yaran da na yi wa iyayensu wankan jego da hannuna."

Har yau ba ta dawo ba. Baba Dzarma yana nan shi kaɗai a gidan, yana zuwa wurinta ƙarshen wata. Kullum da rana Siddiƙa tana aika masa da abinci. Ba'ana ne ke kai kwanon da kansa, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa har sai an ce masa ya shigo.

Darasi: Idan wanda ya fi ka sanin abu ya gaya maka gaskiya, kada girman kai ya sa ka mai da shi maƙiyi. Cika ciki daban, gina jiki daban, kuma kowace sana'a tana da iliminta. In asara ta same ka, fara bincika hannunka kafin ka nuna wani, domin kalma ɗaya da ka furta cikin firgici tana iya cin ran da ba ka da ikon mayarwa. Kuma kada ka tsorata iyalinka har su kasa gaya maka gaskiya. Ku tura wa 'yan uwa masu kiwo da masu saurin yaɗa abin da suka ji, wataƙila ya tsayar da wani kafin ya ɗaga dutse.